Inbatar da ta ƙone mosfet sau uku a Ƙofar Ƙaura, ashe laifin na soket ne

Wani shagon aski da cajin waya a wajejen Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina, yana aiki da inbata haɗin gida, irin wadda masu gyara ke naɗa wa taransifoma da hannunsu su zuba ta a akwatin ƙarfe. Batir ɗaya ne mai bolt 12, sola ke cika shi da rana. Kayan da ke kanta ba su taka kara sun karya ba: kilifa biyu, fanka, ƙwan fitila uku da cajojin waya wajen ashirin, duka-duka ba su wuce wat 350 ba, ita kuwa an yi ta ne don ta ɗauki wajen 1000. Duk da haka, cikin hunturu guda sau uku tana ƙone mosfet, wato ƙananan makunnan lantarkin da ke sakar wa taransifoma wutar batir, ta bi ta hannun masu gyara biyu kafin ta isa wurin na uku. Ƙonewa ta biyu da ta uku duk wani ɗan baƙin roba mai ramuka 16 ne ya jawo su, wanda kuɗinsa bai kai na mosfet ɗaya ba, wato soket ɗin da aisi, ɗan baƙin kayan lantarki mai ƙafafu da ke sarrafa inbatar, ke zaune a kai.

Yadda aka haɗa ta

Aisin da ke tafiyar da ita SG3525 ne, mai ƙafa 16, takwas a kowane gefe. Aikinsa ya riƙa kunna rukunin mosfet biyu bi da bi. Ƙafa ta 11 ke tura rukuni ɗaya, ta 14 ke tura ɗayan, kuma an ƙera shi yadda ƙafafun nan biyu ba za su taɓa tashi lokaci guda ba. Kowane rukuni IRF3205 ne guda huɗu, ɗaure a jikin alminiyon da ke shanye zafi. Taransifomar tana da kai uku a gefen batir. Na tsakiya yana zuwa jan kan batir, biyun gefe kowanne ya nufi rukuninsa. Wannan rukuni ya ja wuta ta rabin naɗin na tsawon kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, ya saki, wancan ya ja ta ɗaya rabin. Kai-komon nan sau 50 a daƙiƙa shi ke fito da bolt 230 ta ɗaya gefen.

Soket ɗin kuwa irin mai arha ne da ake saye da yawa a Sabon Gari ta Kano. A cikin kowane rami akwai siririn ƙarfe da aka lanƙwasa, yana matse ƙafar aisi kamar sifirin. Masu ɗan kyau leɓe biyu gare su, suna kama ƙafa ta gaba da baya. Wannan leɓe ɗaya gare shi, ɗaya gefen robar ce kawai ke tokare ƙafar. Tazarar rami da rami milimita 2.54 ce, tsakanin layi da layi kuma 7.62, ma'aunin da ake bi tun bayan da kamfanin Fairchild na Amurka ya fito da wannan siffa ta aisi a 1964. Ita ƙafar aisi kaurinta kamar rubu'in milimita ne kacal. A riƙe wannan adadi, don nan gizo ke saƙar.

Gyara biyu na farko

Ƙonewar farko ba ta da wani sirri. Da sanyi ya shigo, wani yaron shago ya jona hitar dafa ruwa, irin wadda ke cin wat 1000 ko fiye. Mosfet huɗu suka tafi, kuma da yake mosfet idan zai mutu yakan haɗe ƙafafunsa uku, wutar batir ta bi ta get, ƙafar da aisi ke kunna mosfet da ita, ta koma ta kashe aisin. Fiyus bai ceci komai ba, domin tun tuni an maye gurbinsa da waya mai kauri.

Mai gyaran farko ya canja mosfet ɗin, amma ba shi da sabon SG3525 a hannu. Sai ya ciro ɗaya daga wani tsohon fanel, wato allon da ake jera kayan lantarki a kai, inda aka manna shi da dalma, ya danna shi cikin soket ba tare da ya tsabtace ƙafafun ba. Ƙafar da dalma ta lulluɓe tana iya ninka kaurinta na asali. Da aka tura ta da ƙarfi, sai ta buɗe leɓen ramin fiye da iyakar da zai iya komowa. Inbata ta tashi, kowa ya yi murna. Ta yi 'yan makonni ta sake ƙonewa, domin dalma ƙarfe ne mai laushi, tana lotsawa a ƙarƙashin matsi, ga ragowar man dalma da ya bushe a jikin ƙafafun yana riƙe ƙura.

Na biyu ya ga tsohon aisi mai ƙafafu cakwal da dalma, ya ce ai ga ɓarawon nan. Ya jefar da shi, ya sa sabo dal, ya canja mosfet duka takwas. A ido aikinsa ya fi na farko tsabta. Sai dai sabon aisi siraran ƙafafu gare shi, ramukan kuwa sun riga sun buɗe. Wannan karon ko mako ba ta cika ba.

Abin da mai shago ya faɗa

Mai gyara na uku bai fara da ayan ɗin narka dalma ba, tambaya ya fara yi: me take yi kafin ta mutu? Mai shagon ya ce da safe, in an kunna ta, wani lokaci sai taransifoma ta ɗauki gurnani, ƙwai su riƙa ƙyaftawa. "Wallahi Malam, da na ɗan mare ta a gefe sai ta dawo daidai." Ya ƙara da cewa da rana tsaka ba ta cika yin haka ba.

Maganar nan ta fi duk wani awo da za a yi daraja. Kayan lantarkin da mari ke gyarawa ba a cikinsu cutar take ba, a mahaɗa take: dalmar da ta tsage, waya mai sako-sako, ko soket. Mosfet na jabu ba ya warkewa da mari, aisi mai rauni ma haka. Zancen safiya kuma yana nuna sanyi da zafi na da hannu. Da asubahin hunturu a Katsina sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, amma kusa da alminiyon mosfet, bayan awa biyu ana aiki, wurin na iya haura digiri 50. Roba da ƙarfe kowanne da yadda yake buɗewa da tsukewa, don haka kullum ƙafar aisi tana ɗan motsi a raminta. Wannan ne ke sa aisi ya riƙa sulalowa sama a hankali ba wanda ya taɓa shi. Tsohuwar cuta ce, har kwamfutar Apple III ta 1980, wadda aka yi ba fanka, ta yi ƙaurin suna da ita.

Awon da ya kama shi

Da aka buɗe akwatin, abin da aka fara gani shi ne aisin ya ɗan karkace, gefen ƙafa ta 9 zuwa ta 16 ya ɗaga da kamar rabin milimita. Fankar akwatin daidai kansa take hura iska, kuma jar ƙura ta cika tsakanin ƙafafun.

An cire mosfet ɗin duka, aka ba fanel ɗin bolt 12 shi kaɗai. Ƙafa ta 15 da ta 13 sun nuna wutar batir. Ta 16 ta nuna bolt 5.1, kamar yadda ya kamata. Ta 11 da ta 14 kowacce ta ba da wajen bolt 5 a mita, wanda shi ne daidai, tunda rabin lokaci suke a kunne. Wato aisin lafiyarsa lau, wannan karon ya tsira.

A nan ne yawancin masu gyara ke rufe bincike, kuma a nan aka yaudari na biyu. Idan ka ɗora tsinken mita a kafaɗar ƙafar aisi ta sama, abu biyu ka yi. Na farko, abin da aisin ke fitarwa ka auna, ba abin da ya isa fanel ba. Na biyu, nauyin hannunka ya danna ƙafar cikin raminta, ka gyara matsalar da kanka na tsawon lokacin da kake awon. Soket mai ciwo ba ya nuna kansa ga wanda ke danna shi.

Yadda ake yi shi ne a kashe wuta, a juya mita zuwa om mafi ƙanƙanta, wato awon juriyar da abu ke yi wa wucewar wuta, a fara haɗa tsinkayenta biyu don a san nasu adadin, galibi om 0.2 zuwa 0.5. Sai a sa tsinke ɗaya a kan dalmar ƙafar ta ƙarƙashin fanel, ɗayan kuma a jingina shi a kafaɗar ƙafar ta gefe, a hankali, ba dannawa. Sannan a riƙa ƙwanƙwasa fanel ɗin da bayan sukudireba mai roba. Rami mai lafiya ba ya ƙara komai a kan adadin tsinkayen, domin sabon soket juriyarsa ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na om ba. Ƙafa goma sha uku sun tsaya cak. Ta 12 da ta 13 suna ɗan rawa. Ta 14 kuwa sai ta nuna om ɗaya, a ƙwanƙwasa ta yi tsalle zuwa ɗaruruwa, a sake ƙwanƙwasawa mita ta nuna babu haɗi sam.

Da aka zare aisin, ya fito ba wata gardama, da yatsa biyu, alhali soket mai ƙafa 16 mai lafiya sai an sa ƙaramin sukudireba an ɗaga wannan kai kaɗan, wancan kai kaɗan. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, leɓen rami na 14 ya kwanta jikin roba, ga wani baƙin gari a inda ƙafa ke gogarsa. Garin nan ba ƙurar hunturu ba ce. Kuzar da aka shafe ƙafar da ita ce ke yin wata siririyar tsatsa da zarar ta sha iska. Idan matsi na da ƙarfi, ƙarfe na huda tsatsar ya taɓa ɗan'uwansa ya zauna. Idan matsi ya yi rauni, ga taransifoma na girgiza akwatin dare da rana, sai a yi ta kankare tsatsar tana sake fitowa, har ta taru ta zama garin da ba ya wuce wuta.

Me ya sa ƙafa ɗaya ke kashe mosfet takwas

Get ɗin mosfet ba ya shan wuta, ajiye ta yake kamar ƙaramar kondensa. Na IRF3205 yana riƙe wajen nanofarad 3, guda huɗu a haɗe sun kai 13. Aisi ne ke cika shi ya kunna mosfet, kuma aisin ne ke zuƙe cajin ya kashe shi. To idan ƙafa ta 14 ta rabu da raminta daidai lokacin da get ke cike, babu mai zuƙewa. Rukunin ya ci gaba da zama a kunne. Bayan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ƙafa ta 11 ta kunna nata rukunin, rabin naɗin biyu suka ja wuta tare, ƙarfin maganaɗisunsu ya kashe juna. Abin da ya rage tsakanin kan batir biyu sai 'yar waya mai kauri da mosfet masu juriyar kashi takwas cikin dubu na om. Batir kan iya zubo ɗaruruwan amfiya a irin wannan hanya, kuma mosfet ba ya jiran a kai hannu ga makunni.

Idan kuwa rabuwar ta zo lokacin da get ba caji, rukuni ɗaya ne kawai zai riƙa ja. Ƙarfen taransifoma ya ƙoshi da maganaɗisu ta gefe guda, ta hau gurnani tana jan wuta fiye da ƙima. Gurnanin da mai shago ke ji da safe ke nan. Duk safiyar da ya ji shi ya mare ta, sa'a ce ya taka.

Akwai kuma kuskuren da maƙerin inbatar ya yi tun farko. Bai sa rezista, ɗan abin da ke barin wuta ta wuce kaɗan-kaɗan, tsakanin get da ƙasa, wato layin baƙin kan batir, ba. Rezista mai om 10,000 a kowane rukuni za ta zuƙe cajin nanofarad 13 daga bolt 12 zuwa ƙasa da bolt 2, inda IRF3205 ke daina wuce wuta, cikin kamar rubu'in kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, tun kafin ɗaya rukunin ya tashi. Ba za ta hana gurnani ba, amma za ta mai da ƙonewa nan take ta koma matsalar da fiyus zai iya tarewa. Wasu na barinta saboda inbata na aiki ba ita. Gaskiya ne tana aiki, muddin ba abin da ya kwance.

Gyaran

Wanke soket da sifirit ba zai yi ba, tunda sifirin ɗin ne ya mutu. Akwai masu sa allura su ɗago leɓen, wannan kuma kwana nawa ne. Cire shi aka yi. Fanel ɗin irin mai ruwan ƙasa ne da layukan tagullarsa ke ɗagowa da an matsa masa zafi, don haka ba a yi kokawar zare ƙafa 16 lokaci guda ba. An datse robar da abin yanke waya gida-gida, aka riƙa zare ƙafa ɗaya-ɗaya da ayan mai wat 40, daƙiƙa biyu zuwa uku a kowace, sannan aka zuƙe dalmar ramukan.

Daga nan sai tambayar da masu gyara ke saɓani a kanta: a manna aisin kai tsaye, ko a sake sa soket? Masu cewa a manna suna da hujja, domin dalma mai kyau ba ta san ƙura ko girgiza ba. Amma a wannan inbata aisin yana cikin abin da ke mutuwa duk ran da mosfet ya ƙone, kuma shago ne da hannu da yawa ke jona kaya. Fanel irin wannan ba zai jure a cire masa aisi da ayan sau biyu ko uku ba. Saboda haka soket ya cancanta a nan, sai dai ba irin na da ba.

An sa mai zagayayyun ramuka. Kowane rami a jikinsa ɗan bututun ƙarfe ne da aka fafe, a ciki akwai 'yan yatsu, galibi huɗu, masu kama ƙafa ta kowane gefe. Ya fi tsada, kuma ba ya yafe wa lanƙwasasshiyar ƙafa ko mai dalma, amma in ya kama ya kama. Wajen manna shi, an fara da ƙafa biyu na kusurwa, ta 1 da ta 9, aka duba ya kwanta daram a kan fanel, sannan sauran. Ba a manna soket da aisi a cikinsa, kuma ba a cika man dalma, don kada ya hau ta ƙafa ya shiga ramin.

Sabon aisi yakan zo da ƙafafu a ɗan buɗe. Kafin a sa shi, a kwantar da shi ta gefe a kan tebur a ɗan murza, duka takwas su miƙe tare, a juya a yi wa ɗaya gefen. A jera shi a kan ramukan, a duba kowace ƙafa ta sami nata, sannan a danna da babban yatsa a tsakiya. Ƙafar da ta naɗe ta shige ƙarƙashin cikin aisi ba a ganinta ta sama, sai an duba ta gefe da haske. Tsagar da ke kan aisi ta dace da ta soket, ita kuma ta soket ta dace da zanen fanel. Idan aka juya SG3525, ƙafarsa ta 7 ce za ta faɗa ramin wutar batir, ba kuma lalle ya sake tashi ba. A ƙarshe an zagaya siririn abin ɗaure waya na roba ta ƙarƙashin soket ɗin aka ɗaure aisin.

Sauran aikin: rezista mai om 10,000 a get ɗin kowane rukuni, a kusa da mosfet ɗin ba a kusa da aisi ba, kondensa mai nanofarad 100 a ƙarƙashin fanel tsakanin ƙafar wuta da ta 12, sababbin IRF3205 takwas daga leda ɗaya, an auna ƙananan rezistocin get ɗaya bayan ɗaya, biyu sun ƙone aka canja, fiyus mai amfiya 50 kusa da kan batir. An kuma sa ɗan kwali mai tauri ya kare aisin daga iskar fanka.

Mai shagon ya kawo shawarar a sa wa mosfet ɗin ma soket, tunda su ke yawan mutuwa. Ba a yi ba. Idan inbata mai bolt 12 ta ɗauki wat 1000, sama da amfiya 80 take ja, wato kamar 20 ta kowane mosfet. Ramin soket na aisi an yi shi ne don amfiya 1 zuwa 3. Ko da juriyarsa kashi biyu cikin ɗari na om ce, amfiya 20 za ta haifar da zafin wat 8 a wurin da bai kai ƙwayar gero ba. Soket na taransista akwai shi, kamar wanda ake ɗaura 2N3055 a kai a tsofaffin amfilifaya, amma wancan da noti ake ɗaure shi. Inda soket ke da amfani shi ne aisin da ake ɗora wa manhaja, kamar ATmega328P na kan Arduino Uno, da ƙananan aisin ajiya masu ƙafa 8, da wanda aka san yana mutuwa tare da wasu. Soket mai ɗan hannu da ake ɗagawa a sa aisi, a sauke a kulle, kuwa na teburin aiki ne, inda ake sa aisi a cire sau da yawa a yini.

Gwajin farko ba a yi shi da batir tsirara ba. An sa ƙwan fitilar mota mai wat 55 a layin jan kai, yadda ko da wani abu ya haɗe wutar ba za ta wuce amfiya 5 ba, ƙwan ne kawai zai haska. Ya yi ja kaɗan ya tsaya. Aka ƙwanƙwasa fanel ta ko'ina, aka hura masa iska mai zafi da na'urar busar da gashi, aka bar shi ya huce, aka sake ƙwanƙwasawa, hasken ƙwan bai motsa ba. Sannan aka cire ƙwan, aka ɗora kaya kaɗan-kaɗan har zuwa na shagon duka. Bayan awa ɗaya an taɓa alminiyon rukunin biyu, ɗuminsu ɗaya. An bar ta ta kwana a waje a kashe, da asuba aka kunna ta da sanyinta, ta tashi shiru.